Azumin da Na Yi a Kan Turmi

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. A makon da ya wuce sama ta haɗe ta ƙi buɗewa, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar indararo da kukan kwaɗi daga fadama. Wata safiya na leƙa ƙofar gida na hango gulbin Kwara ya cika ya yi jajir, ya haura inda mata ke wanki, yana lallaɓowa wajen gonakin shinkafa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin ɗanyen itace suka cika mini hanci. Haka gidan nan ya riƙa ƙamshi a wani azumi da muka yi kusan shekara ashirin da suka wuce, wanda ya faɗo a ƙarshen damina, shekarar da na fara riƙe waya.

Na koma ciki na tarar da autata Nafisa kwance a tabarma, fuskarta a cikin wayarta.

"Nafisa, gulbi fa ya kusa gonarmu."

"Na gani, Mama. An turo hoton."

Ba ta ɗago ba. Na ɗan tsaya a kanta ko za ta ƙara wata magana, sannan na wuce madafa. Tsohon turmin Inna yana nan a kife a jikin bango, gindinsa ya tsage, kaji ke hawa kansa yanzu. Na zauna kusa da shi, abin ya dawo mini tiryan-tiryan.

A lokacin ina amarya, ban cika shekara a ɗaki ba. Ƙauyenmu yana gefen Lolo, daga bayan gari idan ka miƙe ba ka daɗewa za ka shiga ƙasar Benin, wadda mu ba ma kiranta da komai sai ƙetare. Mijina Haruna, zan rubuta sunansa a nan ko da yake bakina bai taɓa kiransa da shi ba, yana da gonar shinkafa a fadama, yana kuma ɗaukar kayan mutane a babur tsakanin kasuwar Lolo da ƙetare. Mu uku ne a gidan: ni da shi da mahaifiyarsa, Inna.

Shekarun farkon shari'a ne. An daina kiɗan dandali, an rataye ganguna, ko biki sai a yi walima a watse tun da rana. Maraice ya zama dogo a ƙauye. Ni kuwa na taso da karatun littattafan soyayya, waɗanda ake shimfiɗawa a kan buhu ranar kasuwa. Na zo gidan miji da su cike da kwalla, na ɓoye a ƙarƙashin gado. A cikinsu namiji yana magana. Yana kallon mace ya ce mata ita ce hasken idonsa, ya ce bai iya barci ba saboda ita. Da wannan na shigo ɗaki, sai Allah ya haɗa ni da mutumin da idan ya ce "sannu da aiki" ya gama hirar yini. Ba shi da faɗa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma idan muka zauna mu biyu sai ya kama gyaran fitila ko ɗaurin takalmi, idonsa a ƙasa. Nakan shiga ɗaki in buɗe littafi in karanta abin da wani ya faɗa wa wata, in rufe, in kalli rufin ɗaki.

Sai ga waya. Daga ƙetare ya zo da su guda biyu, ƙanana, baƙaƙe, ya miƙo mini ɗaya ba tare da ya kalle ni ba. Sabis ɗin Najeriya bai iso mu ba tukuna, na ƙetare muke tsinta, shi ma ba ko'ina ba. Samarin da ke da waya sukan taru a tudun kuka bayan la'asar suna ɗaga hannu sama kamar masu roƙon ruwa. Ni da ba na fita, na bi gidan lungu-lungu har na gano wuri ɗaya: kusurwar rumbu, kuma sai na kife turmi na hau kansa na miƙe tsaye.

Ranar da ya fara kirana daga ƙetare na ɗauka wani ne.

"Luba, kina jina?"

"Ina jinka, Yaya."

"Wace atamfa kika ɗaura yau?"

"Shuɗiyar nan."

"Na sani, ai ita nake gani. Ina zaune a bakin gulbi. Ruwan nan da ke wucewa ta gabana, ta wajenku zai bi. Na ba shi saƙo, ki saurara."

Na kusa faɗowa daga kan turmin. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da ni, ashe bakinsa cike yake da magana, jira yake a sa gulbi da daji a tsakaninmu. Tun daga ranar nake son tafiyarsa fiye da zamansa. Idan yana gida ina da miji mai gyaran fitila. Idan ya ƙetara ina da na cikin littafi.

Inna ba ta taɓa yarda da abin ba.

"Ke ɗiyar ga, sauko mini bisa turmi! Abin da muke daka abinci cikinai za ki taka da ƙahwa?"

Idan kira bai shiga ba, wata mata ce ke magana da Faransanci a ciki. Ranar nan na kara wa Inna a kunne don ta ji. Ta ce, "Salamu alaikum. Ina wuni?" Matar ta ci gaba da zubarta. Inna ta miƙo mini wayar tana taɓe baki. "Wagga ba ta da tarbiyya. Ko gaisuwa ba ta amsawa."

Daminar shekarar ta yi jinkirin sauka, aka yi shuka a makare, don haka azumi ya same mu a tsakiya: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Rumbun da nake tsayawa a gefensa, in ka ƙwanƙwasa shi amsawa yake kamar tulu. Da ruwan ya zo kuma sai ya zo gaba ɗaya. A yi kwana da kwanaki ana zubawa, ya ɗan tsagaita rana ta fito da wani zafi mai ɗanko, tururi ya riƙa tashi daga ƙasa, zufa ta manne maka tufafi a jiki, kafin la'asar hadari ya sake haɗowa daga gabas.

Yinin kowa iri ɗaya ne. In tashi sahur in yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika madafa ina hawaye, in ɗumama abin da ya kwana. Da gari ya waye in share ruwan da ya kwanta a tsakar gida, in juya ƙunshin itace a kusa da murhu ko zai sha iska. Inna ta yafa buhu a ka ta fita bayan gari ta tsinko tafasa da rama. Da azahar mu dafa, mu matse, mu kwaɗa da ɗan ƙuli. Dawar da ta rage mukan auna ta da hannu, a dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa wanda kana iya ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. Duk da haka ba a fasa ciyayya ba. Kafin magariba kwanuka suna yawo tsakanin gidaje, kowane da ɗan abin da ya sawwaƙa. Matar wani masunci da ke maƙwabtaka da mu takan aiko da ƙananan kifi, mu mayar mata da kwaɗo. Wani lokaci ka buɗe kwanon da aka kawo ka ga irin abin da ka aika ne, sai dai hannun da ya kwaɗa daban.

Yunwar azumin damina ba ta da hayaniya. Jiri ne da ke kama ka idan ka sunkuya, da ɗacin baki, da sanyin da ke shiga ƙashi ko da ana zufa. Abin da ke riƙe mu duka shi ne shinkafar fadama. Ta yi kyau a shekarar, kanta ya sunkuya, ta fara ja. Duk wanda ya je ya dawo sai ya ce, "Saura kaɗan." Abincinmu na shekara yana tsaye a cikin gonar nan, ba mu da wani.

Ana cikin haka Haruna ya ƙetara da kaya, a bayansa rafin da ke kan hanya ya cika ya yanke ta. Ya maƙale a can. Cajin wayata ya zama kamar dawar Inna, don mai janareta a Lolo yake, ba kuma mai zuwa. Sai bayan la'asar nake kunna ta, in hau turmi, in ji muryarsa, in kashe.

Gulbi kuwa ya fara tasowa.

A garinmu ba a yankan shinkafa da hannu ɗaya, gayya ake kira, kuma kiranta yana da hanya. Mai gona ne zai taka da ƙafarsa, ya fara da gidan babban unguwa, wanda a lokacin Baffa Alu ne, wan mahaifin Haruna. Ya cire takalmi a waje, ya zauna a ƙasa a zaure, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya ajiye goro, sannan ya faɗi buƙatarsa da bakinsa. Daga nan ya bi sauran gidaje. Da can idan Baffa ya amsa, makaɗi ne ke zagaya gari da ganga. Da aka daina kiɗa, sai ya zama Baffa ne ke miƙewa a masallaci bayan sallar asuba ya ce, "Gobe gonar wane." Wanda ya riga zuwa zaure shi ake riga yi wa. Ba saurayin da zai ɗauki lauje ya nufi gonar da Baffa bai ambata ba. A azumi ana aiki daga fitowar rana zuwa azahar, abincin gayya kuma sai a buɗa-baki, a ƙofar gidan mai gona.

Na hau turmi na ce, "Yaya, ruwa ya kai gindin giginyar bakin gona. Inna ta ce ka taho."

"Hanya ta yanke, Luba. Babur ba ya wucewa."

"Jirage suna zuwa."

"Kayan mutane fa? In bar su a rumfa ruwa ya taɓa? Ki kwantar da hankalinki, amaryata. Na kira samarin tudun kuka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce to. Saura Baffa. Ki ce Inna ta je ta taho da shi gobe war haka, zan kira in yi masa bayani."

Na sauko na faɗa wa Inna. Tana tsinke rama, hannunta ya tsaya.

"Mi kika ce?"

Na maimaita.

"Alu shi taso da sandatai, shi zo gidan ɗan ƙanenai, shi hau bisa turmi, don a roƙe shi?" Ta daɗe tana kallona. "Wanga yaro ya sha ruwan ƙetare."

Amma ta je, don ɗanta ne, gonar kuma ita ce cikinmu. Ta yafa buhunta ta fita cikin yayyafi. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana matse gefen zane.

"Inna, me ya ce?"

"Ya ce a gaishe shi. Ya ce a hwaɗa mishi gidanai bai tashi daga inda yas san shi ba."

Da na gaya wa Haruna sai ya yi dariya, irin dariyar da nake so, wadda ban taɓa ji ba sai a waya. "Tsofaffi ke nan. Rabu da shi, zai huce. Samari sun ba ni baki, jibi za su shiga gonar. Ke dai ki jiƙa gero."

Gero ɗaya ya rage a gidan, wanda Inna ta toshe a tulu don zakkar fidda kai. Na tsaya a gabanta ban iya tambaya ba. Ita ta tashi da kanta ta ɓare bakin tulun. "In sunka zo ba mu da abin ba su, wannan kunyar ta fi," in ji ta.

Washegari da asuba na kasa kunne ta katanga, masallaci ba shi da nisa da mu. Na ji muryar Baffa ya ambaci gonar wani mutum da aka ce ya zo masa tun daga ƙarshen gari cikin ruwa, laka har gwiwa. Amma na ce samari sun ba shi baki, ai ba za su saɓa ba. Na surfa geron, na wanke, na daka har tafin hannuna ya yi kanta.

Ranar da aka sa, rana ba ta gama fitowa ba na ji tafiyar mutane a bayan katanga, ana tari, lauje na bugun lauje. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Suka zo daidai gidanmu, suka wuce, suka yi kudu. Gonarmu tana arewa. Daga baya na fahimci ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mutum ya kira ka daga wata ƙasa yana gaishe ka, me za ka ce masa in ba to ba? Amma ba wanda ya ga fuskarsa, ba wanda ya ci goronsa, ga kuma gonaki da yawa da ruwa ke nema.

Mun riga mun ɗora tukwane. Da magariba ta yi, ga kunu a manyan ƙore, ga fura a jere, ga tabarmi na shimfiɗa a ƙofar gida. Aka kira salla. Ba wanda ya yi sallama. Ni da Inna muka sha ruwa muna kallon abincin mutum da yawa. A ƙarshe ta ce in zuzzuba a kwanuka a raba wa maƙwabta kafin ya yi tsami. Ban taɓa jin gidan ya yi faɗi kamar wannan maraicen ba. Na hau turmi don in gaya masa, matar nan ta fara Faransancinta, kafin ta kai ƙarshe wayar ta yi duhu a hannuna. Caji ya ƙare.

Abin da maganata ba ta yi ba, shirun ya yi. Ya kira bai samu ba, ya sake kira bai samu ba, hankalinsa ya tashi. Ya damƙa kayan mutane a hannun wani mai rumfa, ya shiga jirgin masunta. Bai fara da gida ba, gona ya wuce. Da ya shigo da hantsi, wandonsa a jiƙe har ƙugu, ba sai mun tambaye shi ba. Fuskarsa ta faɗa mana cewa ƙasan gonar ya riga ya tafi.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da goro a ƙunshe cikin ganye ta sa masa a hannu. "Tahi."

Ni da ita muka bi ta ƙofar baya muka shiga wajen matar Baffa. Zana ce kawai tsakaninmu da zaure, ana jin komai. Na ji ya cire takalmi, na ji ya zauna a ƙasa.

"Haruna na? Maraba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baffa."

"Ina ruwa?"

"Ya yi gyara."

"Ina mutanen ƙetare? Suna lahiya? Sarkinsu na lahiya? Ita wagga mata mai Faransanci da uwarka ke ba mu labari, tana lahiya?"

Wani a zauren ya tuntsire da dariya. Gaisuwa ta ƙare, wurin ya yi shiru, lokacin maganarsa ya yi. Na dafa zana ina roƙon Allah ya buɗe bakin nan da na sani, wanda ke ba gulbi saƙo. Shiru. Baffa bai taimake shi ba, carbinsa kawai nake ji. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon zauren. Sai can na ji muryar mijina, ƙarama.

"Baffa... shinkafata."

Iyakar abin da ya iya ke nan.

Baffa ya yi gyaran murya. "To. Yanzu na ga idonka. Gobe gonar Mamman ta, ya riga ka zama nan. Amma tashi tana bisa tudu, za ta iya kwana ɗaya. Miƙo mini sandata."

"Baffa, ana ruwa."

"Ina gani. Roƙo za ni yi, ba aike ba."

Tsohon nan ya fita cikin ruwan da ƙafarsa ya nufi gidan Mamman, Haruna na biye da shi riƙe da takalmansa.

Washegari aka shiga gonarmu. Mu mata muna tudu muna hange. Ruwa ya kai wa maza ƙirji a wasu wurare, masunta suka kawo jirage biyu suna bi a tsakaninsu, ana yanke kan shinkafar da ya rage a sama ana jefawa ciki. Kowa ya ɗaga haɓa kada ruwa ya shiga masa baki ya karya azumi. Ba ganga, sai wani ya ɗauko salati saura suka amsa, muryoyin suna tafiya a kan ruwa har inda muke. Suna fitowa matsattsaku manne a ƙafafunsu, leɓɓansu sun bushe sun yi fari, mutanen da suka yini a cikin gulbi da ƙishirwa. Mu kuma muna karɓar jiƙaƙƙun dammuna a ka muna kaiwa gida. Abin da aka tsirar bai kai rabi ba. Sauran gulbi ya ci. A nan ne kuma wayar Haruna ta zame daga aljihunsa, bai ma san lokacin ba.

Damuwata a ranar ita ce buɗa-baki. Geron ya tafi, ba mu da abin ba mutanen da suka shiga ruwa dominmu. Na ce, "Inna, ya za mu yi?" Ta ce, "Shimhiɗa tabarmi." Kafin a kira salla kwanuka suka fara shigowa. Kowace mace ta aiko da abincin mijinta gidanmu. Maza suka zauna a ƙofar gida suka ci abincin gidajensu, suna yi wa Haruna tsiya.

"Haruna, gobe in za ka sha ruwa ka kira randa a waya!"

"Ku bar shi, ya aika kifi su amsa masa!"

Ina daga ciki ina jin dariyarsu har da tashi.

Sauran kwanakin azumin ba waya a gidan, tawa a mace, tashi a gindin gulbi. Hanya ba ta buɗe ba, don haka yana gida. Shinkafar a jiƙe take, dole a shanya ta a cikin ɗakuna, a riƙa juyawa kada ta tsira. Ɗakina ya cika da ƙamshinta, ɗumi-ɗumi, kamar na jaririn da aka yi wa wanka. Mukan zauna ni da shi a bakin tabarma muna juyawa da hannu, ruwa na zuba a waje. Bai ce ni ce hasken idonsa ba. Wata rana da la'asar dai ya kama hannuna ya juya tafin, ya ga inda taɓarya ta ci.

"Na gero ne?"

Na ce eh.

Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ɗago ya kalle ni sosai, abin da bai taɓa yi ba. "Kin rame, Luba." Ya dubi zanen da ke jikina. "Ashe shuɗiyar har ta koɗe."

Na bincika kwallar littattafaina daga baya, ban sami inda aka rubuta irin wannan ba.

Bayan salla hanya ta buɗe, ya sayo wata wayar. Ba a daɗe ba aka kafa dogon ƙarfen sabis a kusa da mu, na daina hawa turmi. Kasuwa ta karɓe shi, ya buɗe shago a ƙetare, zuwansa gida ya koma daga salla sai salla, sai ko rasuwa. Inna ta rasu, Baffa ya rasu. Zaurensa yanzu buhunan taki ake ajiyewa a ciki. Haruna bai taɓa fasa kirana ba, kullum bayan la'asar, yanzu ma har fuskarsa nake gani a gilashin wayar, gemunsa ya yi fari. Bakinsa yana nan da daɗinsa. Abin da na roƙa ina amarya an ba ni, har ya yi yawa.

Shi ya sa a makon jiya, da na tashi daga gefen turmin, na ɗauki wayata na kashe ta na tura ƙarƙashin filo. Na share zaurenmu, na kakkaɓe tabarma na shimfiɗa. Na aika aka sayo goro. Na ce shiru ya taɓa kawo shi, a jirgi, cikin ruwa.

La'asar ta yi, ina zaune ina kallon ƙofa. Sai na ji ƙara daga ɗakin Nafisa. Ta fito tana tafiya tana kallon hannunta.

"Mama, Baba ne. Wai wayarki ba ta shiga."

Ta kara mini gilashin a fuska. Ga shi nan a shagonsa, fanka na juyawa a bayansa.

"Luba, kin tsorata ni. Caji ne?"

"Gulbi ya kusa gona."

"Na gani, an turo mini. Kada ki damu, amaryata, na gama komai daga nan. Gobe masu yanka za su zo da injinsu. Ba sai kin dafa komai ba, da abincinsu suke zuwa."

"Kai fa?"

"Ni? Ai ga ni kina ganina." Ya yi dariyar nan. "Wace atamfa ce wannan? Matso da wayar, Nafisa."

Washegari suka zo, wasu mutane da ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kafin azahar sun gama. Ko zangarniya ɗaya gulbi bai samu ba. Aka jere buhuna a ɗakin Inna har rufi, mai motar ya ɗauki hotonsu ya tura ƙetare, suka tafi ba su shigo sun sha ruwa ba.

Da yamma hadari ya sake haɗowa. Na je zaure na naɗe tabarmar kada feshi ya jiƙa ta. Goron yana nan a ganyensa, na yayyafa masa ruwa na mayar a tukunya.